Gudu Ninki Biyu, Ɓarna Ninki Huɗu: Lissafin da Maleji Ba Ya Nunawa a Hanyoyin Garwa

Ranar Lahadi da hantsi, hanyar da ta fita daga Garwa zuwa Pitowa ba ta da masaka tsinke. Ranar kasuwa ce. Babura na keta juna, wannan da buhun masara a kan tanki da mai goyo a bayansa, wancan da akuya ɗaure. A tsakaninsu ga tirelolin da suka kwana a hanya daga Gaundare sun nufi Kusiri da Njamena, ga manyan motocin auduga, ga kuma masu tafiya a ƙasa suna rakuɓe a bakin kwalta.

Duk inda aka sami ɗan sarari, sai ka ji kukan inji ya sauya. Ɗan acaɓa, wanda a nan aka fi kira kilando, ya murɗa totur, allurar maleji ta tashi daga 30 zuwa 60 kafin ka ƙifta ido sau uku. A wurinsa da fasinjansa gudu ya ninka sau biyu, shi ke nan. Amma abin da babur ɗin ya ɗauka, wanda tilas sai ya sauke shi kafin ya tsaya, ya ninka sau huɗu. Babu allurar da ke nuna wannan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.2 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce a kan gaba. Dalilai suna da yawa: ramuka, lodin wuce kima, tsofaffin tayoyi, barci a kan sitiyari. Amma waɗannan sukan yanke hukuncin ko za a yi hatsari ne. Ko za a tashi a kaɗe ƙura, ko kuwa sai an nemo likkafani, wannan gudu ne ke yanke shi.

Ina man da aka ƙona yake tafiya?

Duk ɗalibin da ya zauna ajin kimiyya a lise a Garwa, ko a sakandare a Yola, ya gamu da wannan darasi, galibi a matsayin lissafin da za a haddace don jarrabawa. Idan ƙarfi ya tura abu har ya gusa, masana sukan ce an yi aiki, kuma yawan aikin shi ne ƙarfin turin sau tsawon tazarar da aka yi ana turawa.

Inji yana ƙona mai, ya juya taya, taya ta tokari kwalta, babur ya yi gaba. Iska na cin wani abu daga wannan aiki, gugar taya da ƙasa na cin wani. Abin da ya rage ba ya ɓacewa. Yana taruwa ne a jikin babur da duk wanda ke kansa, shi ne ake kira makamashin motsi. Lissafinsa gajere ne: rabin nauyi, sau gudu, sau gudu kuma. Nauyi sau ɗaya yake shiga lissafin, gudu sau biyu. Duk rikicin daga nan yake.

A ɗauki babur da direba da fasinja, nauyinsu duka kamar kilo 250. A gudun kilomita 30 cikin awa, suna ɗauke da makamashi kusan jul 8,700. A gudun 60, kusan jul 35,000. Wato tashi daga tsaye zuwa 30 ya ci jul 8,700, amma daga 30 zuwa 60 sai da inji ya zuba wasu 26,000, ninki uku na farkon, alhali a fuskar maleji tazarar iri ɗaya ce. Idan ya kai 90, abin da ke kansa ya zama ninki tara na abin da yake da shi a 30.

Kada wanda ya ji abin ya saɓa wa hankalinsa ya ga kamar shi kaɗai ne. Manyan masanan Turai sun shafe shekaru hamsin suna jayayya a kai. Leibniz na Jamus ya kawo batun gudu sau gudu a 1686, mabiya Descartes da na Newton da yawa suka ƙi. Sai wani ɗan ƙasar Holan, Willem 's Gravesande, a wajajen 1722, ya riƙa sakin ƙwallayen tagulla a kan ɗanyen yumɓu yana auna lotsawar da suka yi. Ƙwallon da ya iso da gudu ninki biyu, lotsawarsa ninki huɗu. Wanda ya iso da ninki uku, ninki tara. Wata Bafaransa, Émilie du Châtelet, ta yayata sakamakon a littafinta na 1740, sannan a 1829 injiniya Coriolis ya tsara lissafin yadda ake koyar da shi yau. Yumɓu ne ya raba gardamar, kuma jikin ɗan Adam bai fi yumɓu tauri da yawa ba.

Birki ba ya kashe gudu, zafi yake mayar da shi

Abin da inji ya zuba, wani ne zai kwashe. A tuƙi na lafiya birki ne ke wannan aikin: yana matse ƙarfe da ƙarfe, makamashin motsi ya koma zafi, zafin ya bi iska. Amma ƙarfin da birki zai iya yi yana da iyaka, domin taya ba za ta kama ƙasa fiye da yadda take iyawa ba. Tunda ƙarfin ba ya ƙaruwa, tazarar ce za ta ƙaru. Makamashi ninki huɗu, tazarar tsayawa ninki huɗu.

Ƙaramar mota mai lafiyayyun tayoyi a kan busasshiyar kwalta tana buƙatar kamar mita 5 ta tsaya daga gudun 30, mita 20 daga 60, mita 45 daga 90, sannan kusan mita 80 daga 120. Wannan fa bayan ƙafa ta sauka kan birki ke nan. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta fahimta, ƙafa ta motsa, daƙiƙa guda ta wuce ga mutumin da ke a farke, kuma a gudun 60 daƙiƙa guda mita 17 ce. Idan aka zo kan yashin da iskar hunturu ke shimfiɗawa a bakin titi, ko ruwan farkon damina da ke taso da maiƙon da ya kwanta a kwalta, sai a ƙara wa lissafin tsawo.

Ga misalin da ya kamata a ce kowace makarantar koyon tuƙi tana farawa da shi. Motoci biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya a 50, ɗaya a 60. Yaro ya faɗo titi mita 28 a gabansu. Direbobin biyu suka gan shi lokaci guda, suka taka birki lokaci guda. Mai 50 zai tsaya daf da ƙafar yaron. Mai 60, mutum zai zaci zai taɓa shi ne da ɗan saura gudun 10. Ko kusa. Da gudun kusan 40 zai same shi, domin ya cinye tazara mai yawa kafin birki ya fara aiki, kuma birki sai a mitocin ƙarshe ne yake zaftare gudu sosai.

Idan ana son a ji abin a jiki, a auna shi da faɗuwa daga sama. Karo a gudun 30 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita uku da rabi, kamar daga rufin ɗaki. A 50, mita goma, bene hawa uku. A 60, mita goma sha huɗu. A 90, ya haura mita talatin. Uwar da ba za ta bar ɗanta ya leƙa daga saman bene ba, ita ce za ka gani ta ɗora shi kan tankin babur ana falfala gudun 60, hankalinta kwance.

Gangaren Mbe

Layin dogo a Gaundare ya tsaya tun 1974. Daga nan duk kayan da suka nufi Garwa da Marwa, da kaso mai yawa na kayan Chadi, a bayan tirela suke ƙarasawa, a kan babbar hanya mai lamba ɗaya. Gaundare tana bisa tudun Adamawa, sama da mita 1,000 daga doron teku. Garwa kuwa tana can ƙasa a kwarin Binuwai, mita ɗari biyu da 'yan kai. Babban kaso na wannan sauka a wuri guda ake yin sa, a gangaren da ke tsakanin Gaundare da Mbe, mai kwane-kwane, wanda duk direban da ke bin hanyar ya san labarinsa.

Tirela mai tan 40 a gudun 80 tana ɗauke da makamashi kusan jul miliyan goma, fiye da ninki talatin na ƙaramar mota a wannan gudun. Tsayar da ita sau ɗaya tak yana fitar da zafin da zai tafasa ruwa sama da lita 30. Birki na iya shanye wannan idan aka ba shi lokaci ya huce.

A gangara labarin daban ne, domin ba inji ke turawa ba, nauyin motar ne ke jan ta ƙasa, kuma shi ba ya ɗaga ƙafa. Duk saukar mita 100 tana zuba wa wannan tirela kusan jul miliyan 39, wato kamar ta yi cikakkiyar tsayawa daga gudun 80 sau huɗu a jere. Direban da ya dogara da birkin ƙafa kaɗai zai tura duk wannan zafi cikin ƙarafan birkinsa. Sai su yi jajir, su daina kamawa, wari ya tashi, daga baya a ce birki ya ƙwace. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin yankin ke haura digiri 40, ƙarfen ma da ɗuminsa yake fara tafiyar.

Tsofaffin direbobi ba su karanta Coriolis ba, amma sun san maganin: giyar da za ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka. Babbar giya mai ƙarfi tana sa inji ya riƙe motar, ya kwashe wani ɓangare na makamashin, birki ya zama mataimaki. Wanda kuwa ya saki mota ba giya don ya adana 'yan litocin gas, ya jingina ransa da na yaran motarsa ga ƙarfen da ke dahuwa. Lodin wuce kima a nan ne yake karɓar bashinsa: duk tan ɗin da aka ƙara a tasha, zafi ne aka ƙara wa birki a gangara.

Kamaru ta ga wannan lissafi a kan dogo ma. Ranar 21 ga Oktoban 2016, jirgin ƙasa da ya taso daga Yawunde zuwa Duwala ya kauce daga layi a Eseka, mutum 79 suka rasu a ƙidayar hukuma, ɗaruruwa suka jikkata. An ƙara masa taragai a ranar saboda cunkoson matafiya bayan hanyar mota ta yanke. Kwamitin binciken gwamnati ya ce jirgin yana gudun kilomita 96 a gangaren da aka ƙayyade 40, ga kuma matsalar birki. Gudun bai kai ninki biyu da rabi ba. Makamashin ya kusa ninki shida.

Idan jiki ne ya zama birki

Idan birki bai sami tazara ba, makamashin ba ya yafewa. Yana neman inda zai yi aikinsa: ya lanƙwasa ƙarfe, ya karya ƙashi, ya girgiza ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai. Ma'aikatan asibitin yanki na Garwa da masu ɗorin gargajiya a unguwanni su ne ke ganin sakamakon.

Nan ma ƙa'idar guda ce, ƙarfi sau tazara. Kan da ya bugi kankare yana tsayawa ne cikin 'yan milimitoci, don haka ƙarfin da ya sauka a kansa ya zama mai girman gaske. Hular kwano tana da soso mai tauri na santimita biyu ko uku a ciki, wanda ke matsewa yayin bugu. Wannan 'yar tazarar ce ke rage ƙarfin ninki da yawa. Shi ya sa hular leburori ta wurin gini, wadda wasu ke kifawa don jandarma ya gani, ba ta tsinana komai a kan babur. Shi ya sa kuma hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta, ko da daga waje tana sheƙi.

Akwai wani ƙorafi da ake yawan ji a garejin kanikawa, cewa motocin yanzu gwangwani ne, da an taɓa su sun lotse, ba kamar na da ba. Lotsewar da gangan aka yi ta. Tun shekarun 1950 injiniyoyi suka fara ƙera gaban mota yadda zai murƙushe a hankali, ya ba fasinja rabin mita ya tsaya a ciki, kuma bel mai maƙale uku da kamfanin Volvo ya fito da shi a 1959 shi ke sa jiki ya ci moriyar wannan tazara maimakon ya tafi ya bugi gilashi. Mai motar da ya kai ta wurin mai walda aka liƙa mata ƙaton ƙarfe a gaba, ya ceci fitila da lagireto, ya tura bugun zuwa ƙirjinsa da jikin wanda zai kaɗe.

Ɗan acaɓa ma yana da nasa lissafin

Ba adalci ba ne a ɗauka masu babura ba su san haɗari ba. Sun fi kowa sani, domin abokansu ne ke kwance. Amma yawancinsu ba su ne masu babur ɗin ba. Akwai balas da za a kai wa mai shi kowace yamma, akwai kuɗin mai, sai abin da ya saura ne na cefane. A ganinsu, duk mintin da aka rage fasinja ne aka ƙara. Sukan kuma ce, kuma gaskiya ne, fasinjan da ke zagin mai gudu shi ne gobe zai ce a yi sauri zai makara.

Kuɗin mai ya ƙara tsananta abin. Shekaru da yawa arewacin Kamaru da zuwa-zuwa yake tafiya, man Najeriya da ake sayarwa a kwalabe a bakin titi. Da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, farashinsa ya yi tsalle a Garwa da Marwa. A gidajen mai kuma litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a farkon 2023, sannan 840 a Fabrairun 2024.

To amma gudun yana biya? Tafiyar kilomita biyar a gudun 40 minti bakwai da rabi ce, a 60 minti biyar. Wannan ma idan hanya fayau take, ba mahaɗa, ba jaki, ba mai kura. A cikin gari yawancin abin da aka ci da gudu a mahaɗa ta gaba ake mayar da shi.

Man kuwa, ga yadda yake zurarewa. Inji ba ya mayar da fiye da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin fetur zuwa motsi. Kai babur ɗin nan mai kilo 250 daga tsaye zuwa 60 yana cin kamar cokalin shayi guda na mai. Ba komai ba ne, shi ya sa ba a jin sa. Amma da an taka birki, cokalin nan ya zama zafi ya tafi. A yi haka sau ɗari biyu a wuni, an doshi lita guda. Wanda ya tsaya a 40 bai kai rabin wannan ba. A ganina wannan hujja ta fi wa'azin haɗari shiga kunnen matashi mai shekara ashirin, wanda bai yarda zai mutu ba amma ya san farashin kwalba.

Akwai kuma masu rufe zancen da cewa kwana ne ya ƙare. Babu musulmin da ke jayayya da ƙaddara, amma malamai ba su taɓa raba tawakkali da riƙon sababi ba, kuma direban da ke faɗin haka shi ne ke duba ruwan lagireto kafin ya tashi.

Iyakar 60 da sabuwar kwalta

Dokar hanya a Kamaru ta sa iyakar gudu a cikin gari kilomita 60. Akwai kuma dokar da Firaminista ya sa wa hannu a ƙarshen 2008 kan sana'ar acaɓa, wadda ta wajabta lasisi da hular kwano. Wanda ya tsaya minti biyar a Yalwa ko Fumfumre zai ƙirga huluna nawa ya gani. Jandarmomi kan fito da na'urar auna gudu a manyan hanyoyi, direbobi kuma kan yi wa juna ishara da fitila, kowa ya rage, a wuce, a ci gaba daga inda aka tsaya.

Ita kanta 60 ɗin abin dubawa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa da mota ta kaɗe yana ninkawa sau huɗu da rabi tsakanin gudun 50 da 65, kuma duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mummunan hatsari da kusan kashi 4. A taron ministoci na Stockholm a Fabrairun 2020 aka yi kira da a mayar da iyaka 30 a duk inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa da masu keke. Wannan siffa ta kusan kowane titi ce a Garwa. Masu sufuri za su ce 30 ta yi kaɗan ga manyan tituna, kuma suna da hujja. Amma gaban makarantu, bakin babbar kasuwa da ƙofofin masallatai ranar Juma'a ba manyan tituna ba ne.

Gasar cin kofin Afirka da aka buga a farkon 2022 ta bar wa Garwa tituna masu santsi da faɗi, musamman wajen filin wasa na Rumde Ajiya. Alheri ne, sai dai titi mai kyau yana kiran ƙafa zuwa totur. Daga baya kuma Bankin Raya Afirka ya amince da lamuni na sama da Yuro miliyan 300 don sake gina hanyar Gaundare zuwa Garwa, wadda ramukanta suka daɗe suna cin tayoyi da lokacin matafiya.

Ramukan nan, duk da muninsu, su ne ke tilasta wa tirela rage gudu a Mbe da Guna da Ngong, inda kasuwa ke zube a bakin kwalta. Idan suka tafi, direban da ya tashi daga 80 zuwa 100 zai rage kusan minti arba'in a tafiyarsa, motarsa kuma za ta shiga waɗannan garuruwa da ƙarin makamashi fiye da rabi. Saboda haka abin da mutanen garuruwan ya kamata su tambayi injiniyoyi shi ne: ina aka sa tudun rage gudu da zagaye a mashigar gari, ina aka ware wa masu tafiya a ƙasa da masu talla, sannan a gangaren Mbe, ina aka tanadi reshen hanya mai zurfin tsakuwa inda tirelar da birkinta ya dahu za ta kutsa ta nutse.